Neman shawara: hawan Dutsen Bagzan a watan Agusta

Ɗan Zariya 2:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Mu biyar ne daga nan Maradi, muna son zuwa Abzin mu hau Bagzan da ƙafa, kwana huɗu a kan dutsen. Hutunmu a Agusta ya faɗo, an kuma ce mana lokacin sama ba ta da tabbas. Me za mu riƙa, me za mu kiyaye?

Baba Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. In da hali ku ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba. In babu, ku ƙara kwana biyu a lissafinku, don korama ɗaya in ta kawo tana tsayar da mota kat-kat yini guda. Ko ta Tawa da Abalak kuka bi, ko ta Damagaram da Tanut, a Agadas za ku nemi jagora ɗan ƙasar, ku sanar da hukuma inda za ku da ranar dawowa. Batun tsaro, su za ku tambaya, kada ku dogara da labarin tasha.

Malamin Gandun Daji:
Ƙanena, abin tsoro a damina korama ce. Dutsen ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a bisa gangarowa yake ya haɗu a kwari ɗaya. Sai ka ga sama garau a inda kake, alhali an yi ruwa can gaba, ba ka ankara ba ya iso da duwatsu da itace. Ruwan da ya ci unguwannin Agadas a Satumban 2009 ta koramar Telwa ya biyo.

To rairayin korama ga laushi ga inuwa, shi ke jan baƙo ya yi shimfiɗa. Kada ku kwana ciki, ko da babu gajimare ko ɗaya. Ku duba inda tsohon ruwa ya bar shara a jikin itatuwa, ku kafa tanti sama da nan sosai. In kun ji rugugi kamar na babbar mota, ku hau gefe nan take, ku bar kayan. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ba a ƙetara shi, a jira ya janye.

Hadari ya fi haɗowa da la'asar, daga gabas. Ku tashi bayan asuba, kafin azahar kun bar ƙololuwa, wadda ta kai mita 2,022, ita ce mafi tsawo a Nijar. In an yi walƙiya ku ƙirga daƙiƙu har ku ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 nisan kilomita ɗaya ce. Ƙasa da 30, ku sauka daga tudu, ku rarrabu, kada a fake ƙarƙashin icen da ke tsaye shi kaɗai.

Hajiya Ma'aikaciyar Lafiya:
Ku kuma lura da sanyi, ƴaƴana. Kowane mita 1,000 na hawa yana rage zafi da kamar digiri 6, jiƙaƙƙiyar rigar auduga kuwa in iska ta buga ta sai makyarkyata. Kowa ya ƙulle busassun kaya da bargo cikin leda biyu. Ruwan sha lita 4 zuwa 5 a yini ga mutum ɗaya. Na tafkin dutse a tafasa tukuna. Wanda zawo ya kama: a haɗa masa ruwa lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin cokali na gishiri. Takalmi a kakkaɓe shi da safe saboda kunama.

Ɗan Zariya 2:
Allah ya saka da alheri. To ruwan mutum biyar wa zai ɗauka? Kuma silifa za ta yi?

Malamin Gandun Daji:
Jakuna ake haya a gindin dutsen, jagora zai shirya muku. Jarka biyu ta lita 20 kaya ɗaya ne. Silifa kam ta alwala ce. Jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi, sai takalmi rufaffe mai ƙaya a ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Rezon waya ma yankewa yake, ku bar lambar jagoran a gida kafin ku fita Agadas.