Muhawara: Highclere fada ce ko gidan gona?

Bakano a Landan: Jama'a, abin da ke ci mini rai shi ne, kowa ya san fadar Highclere da ke Hampshire a kudancin Ingila saboda wasan talabijin da aka ɗauka a cikinta, amma da wuya ka ji an ambaci wanda ya zana ta. Charles Barry, mai zanen ginin majalisar dokokin Birtaniya, shi ne ya samu gida mai siffar akwati, daga 1842 ya lulluɓe shi da dutsen Bath mai launin zuma, ya ɗora masa babbar hasumiya. Na je wurin da ƙafata, na yi dogon rubutu a wani zaure, ko mutum ɗaya bai tanka ba.

Malam Bazazzagi: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, kalmar fada ba ta dace ba. Fada mazaunin sarki ce, inda fadawa ke taruwa ana yanke hukunci, kamar Gidan Rumfa a Kano. Iyalan Carnarvon, masu gidan, ba su taɓa hawa gadon sarautar Ingila ba.

Hajiya Malamar Tarihi: Allah ya gafarta Malam, ai mukan ce fadar hakimi, babu wanda ya taɓa kiran hakan kuskure. Sarki George na Uku ne ya ba su sarautarsu a 1793, ƙasar kuwa tana hannun zuriyarsu tun 1679, saboda haka gidan sarauta ne na gado.

Ɗan Damagaram: Ni a ganina ku duka kun kauce. Ginin ba shi da ganuwa, ba shi da gwalalo, tagoginsa manya ne tun daga ƙasa, wanda ke nuna ba a gina shi don tare abokan gaba ba. Gidan gona ne na masu dukiya, hasumiyar kuwa ado ce.

Malam Bazazzagi: Hajiya, hakimi yana zaman shari'a a zaurensa. Wace shari'a aka yi a Highclere?

Bakatsine: Ku bar batun suna, ku tambayi abin da ke cikin gidan. Mai sarauta na biyar a gidan shi ne ya ɗauki nauyin Howard Carter, mai binciken kayan tarihi, har aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, kuma har yau akwai kayan tarihin Masar a can. Wannan ganima ce.

Hajiya Malamar Tarihi: Kayan kabarin suna Masar, ɗana. Yawancin tarin da mutumin ya mallaka kuma matarsa ta sayar wa gidan tarihi na Metropolitan a New York a 1926. Ita ce kuma ta mayar da gidan asibitin sojoji a 1914.

Bakatsine: Hajiya, kullum kina bayan Turawa.

Bakano a Landan: Don Allah a koma kan maganar Barry.

Shugaban zaure: Zan rufe a nan. Abin da na fahimta shi ne hujjar Malam ta fi ƙarfi, domin shi ya riƙe asalin ma'anar kalmar, kuma ba a amsa tambayarsa kan shari'a ba. Daga yau a wannan zaure za a riƙa rubuta gidan Highclere. Batun kayan Masar kuma mun ɗage shi zuwa Asabar.