Wace kalma za mu sa wa rayon du cercle circonscrit?

Malamai ƴan'uwa masu koyar da lissafi a kolejojin Damagaram, tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025, ya kamata mu daidaita bakinmu a kan kalmomin da muke faɗa wa ɗalibai idan Faransanci ya shige musu duhu. Na kawo muku guda ɗaya daga darasin alwatika.

Triangle isocèle ba ta da wuya. Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta ƙafafu masu tsawo ɗaya, don haka "alwatika mai tagwayen gefuna" ta wadatar.

Inda gardama take shi ne sunan cercle circonscrit, wato da'irar da ke bi ta kan kusurwoyi ukun alwatika. Wasu suna cewa "da'irar kewaye", amma ban goyi bayansu ba, domin mun riga mun ba "kewaye" aikin auna tsawon zagayen siffa, kuma yaron da ya ji kalma ɗaya a wurare biyu zai haɗa lissafi biyu da ba su da dangantaka. Shawarata ita ce "da'irar kusurwoyi", ta yadda wadda ke ciki tana taɓa gefuna uku za ta zama "da'irar gefuna". Shi kuwa rayon, wato tsawon da ke tsakanin cibiya da bakin da'ira, kamar igiyar da magini ke ɗaurewa a turke ya zana harsashin rumbu, sai mu kira shi "rabin faɗi". Cikakken sunan ke nan: rabin faɗin da'irar kusurwoyi.

Mu gwada shi a aiki. A alwatika mai tagwayen gefuna, cibiyar da'irar tana kan layin tsayi, wanda ke saukowa daga kai ya raba gindi biyu daidai. Da ƙa'idar Fitagoras ake samun cewa rabin faɗin shi ne gefe sau gefe, a raba da ninki biyu na tsayi. Idan kowane gefe santimita 5 ne, gindi kuma 6, tsayi zai zama 4, sai a raba 25 da 8 a sami 3,125. Idan aka buɗe gindin ya kai 8, tsayi zai sauko zuwa 3, amsa ta zama 25 a raba da 6, kusan 4,17. Ku lura cewa a nan rabin faɗin ya zarce tsayin, wato cibiyar ta fita daga cikin alwatikar ta faɗa ƙarƙashin gindi. Wannan ne ya sa na ƙi duk sunan da zai ambaci "cibiyar alwatika", domin zai sa ɗalibi ya riƙa neman ta a ciki ko da ba ta nan.

Na san sunan ya yi tsawo a kan allo, amma harafin R zai ci gaba da wakiltarsa a rubutu. Wanda ke da kalma mafi gajarta, ya kawo ta mu gwada ta a kan misalan nan biyu.