Na biya kafin alƙalami, ashe jirgin ba ya shiga Venis. Don Allah ku ba ni shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

A Birmingham muke zaune. Ni da maigidana da yaranmu biyu mun yi tafiyar jirgin ruwa na shaƙatawa sau huɗu, duka a Southampton muka hau, biyu zuwa Norway, biyu zuwa Sifaniya da Fotugal. To ni ba baƙuwa ba ce a harkar, shi ya sa abin ya fi yi min ciwo.

Babanmu ya rasu bara cikin azumi. Tun da Hajiyarmu ta fita takaba ko ƙofar gida ba ta leƙawa, duk ta rame. A falon Baba akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton Venis, kwalekwale yana ratsa tsakanin gidaje. Shekararta ta wuce tun ina firamare, amma bai taɓa yar da ita ba, sai ya yanke wajen ranakun da almakashi ya bar hoton. Yakan ce mata, "Hajiya, wata rana zan kai ki garin da babu mota." Da na je gida sai na tarar ta ɗauke hoton daga falo ta kafe shi a ɗakinta, saman inda take shimfiɗa darduma. A nan na yi mata alkawari ni zan kai ta. Yayyena maza biyu suna wurin, kowa ya ji, har babban yana cewa in daina yi wa tsohuwa alkawarin da ba zan iya ba.

Na kama mana tafiyar kwana bakwai a watan Yuli, lokacin hutun yara. Babban jirgi ne, ya haura mutum 4,000. An rubuta Venis da manyan baƙaƙe, sai Ravenna a gefe da ƙanana, ni kuma na ɗauka sunan tashar ne. Daga nan sai Kotor, Santorini, Mykonos, Split, a dawo. Na biya fam 750 kafin alƙalami, irin wanda ba a mayarwa. Shekaranjiya ɗana ya duba taswira ya ce, "Mama, ai Ravenna wani gari ne daban." Saura sati uku in cika kuɗin. Na nemi ƙaramin jirgi, farashin kowane mutum ya kusa ninki uku. In cika, ko in haƙura da fam 750? Akwai jirgin da yake shiga cikin Venis ɗin kansa?

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki ladan wannan niyya. Wallahi sai da na yi hawaye a wajen kalandar nan. Amma ba ki faɗi shekarun Hajiya ba, da yanayin ƙafarta.

Alhaji Na-Teku:
Hajiya Maman Ilham, Allah ya gafarta wa mahaifinki. Tafiyata goma sha bakwai a ruwa, bari in warware miki zare da abawa.

Tun 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana duk jirgin da ya wuce tan 25,000, ko tsawonsa ya wuce mita 180, bi ta mashigin Giudecca, wato hanyar da take wucewa ta gaban dandalin San Marco. Kuma tan ɗin nan ba nauyi ake nufi ba, girman cikin jirgi ake aunawa. Jirgin da zai ɗauki mutum 4,000 ya ninka wannan iyaka sau da yawa. Saboda haka manyan jirage suka watse, wasu Marghera, unguwar masana'antu da ke bakin gaɓa, wasu Trieste, wasu Ravenna. Daga Ravenna zuwa Venis tafiyar sama da awa biyu ce a mota. Wannan ke nan.

Ƙaramin jirgin da kike hange ma kada ya ruɗe ki. Jiragen kamfanin Viking galibi mutum 930 suke ɗauka, amma sun haura tan 47,000, su ma dokar ta hau kansu, kuma ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, to ina za ki kai yaranki? Wanda zai ratsa ta gaban San Marco sai 'yan mitsi-mitsin nan na masu hannu da shuni.

Amma ni ba Venis ce ta dame ni a lissafinki ba. Santorini ce. Babu tashar da babban jirgi zai jingina a can, a tsakiyar ruwa yake tsayawa, a riƙa kwasar mutane a ƙananan jirage. Idan an sauke ku a tsohuwar tasha, garin Fira yana can saman dutse. Ko ki bi layin keken sama mai tafiya a kan waya, wanda mutum shida-shida yake ɗauka a kowane akwati, ko ki hau matakala kusan 600, ko ki hau jaki. Ranar da jirage huɗu suka haɗu na tsaya a layin saukowa fiye da awa ɗaya cikin rana, babu inuwa. Yuli kuma lokacin iskar nan ce da suke kira meltemi, in ta taso kyaftin yana iya soke tsayawar gaba ɗaya. Kotor ma sau da yawa a ƙananan jirage ake kwasar mutanen manyan jirage. Ki soke kawai. Asarar fam 750 ta fi wahalar da tsohuwa sauƙi.

Maman Ilham:
Na gode Alhaji. Amma ba makauniyar siya na yi ba, na karanta ra'ayoyin mutane da yawa kafin in biya, kuma babban jirgi na zaɓa da gangan saboda ba ya girgiza kamar ƙarami. Hajiya ko a mota juwa take yi. Ɗakinta ma a tsakiyar jirgi na kama, hawa na ƙasa-ƙasa, mai baranda. Anti Ummu Sultan, shekarunta 71. Tana tafiya da kanta.

Baban Khalifa:
Ku kuna ta zancen tasha, babu wanda ya tambayi babbar magana. Wane fasfo Hajiya take riƙe da shi? In koren fasfonmu ne, bizar Ingila ba za ta shigar da ita Italiya ba, sai ta Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 kuɗinta tun Yunin 2024. Kuma Kotor a Montenegro take, ba ta cikin Shengen, jirgin zai fita ya sake shigowa Girka ke nan, inda Santorini da Mykonos suke, dole bizar ta zama mai shiga da yawa. Kuroshiya, inda Split take, ita ce ta shiga Shengen a farkon 2023, ita babu damuwa.

Ni abin da ya same ni da surukata ba zan manta ba. Mun biya komai, mun haɗa takardu har da na fili, aka riƙe fasfonta sati bakwai, aka dawo da shi kwana biyu bayan jirgi ya tashi. Kamfanin jirgin suka ce ba ruwansu, inshora suka ce ba sa biyan matsalar biza. Har yau matata in ta tuna sai mun kwana ba ma magana, wai ni na yi jinkirin nema. Alhali ranar ganawa ta neman bizar ce ba a samu ba, wata biyu ina kwana a kan waya.

Hajiya Jidda:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Ga jirgin Aroya na Saudiyya nan, tun Disamba 2024 ya fara tashi daga nan Jidda. Babu giya, babu caca, abinci halal, ga wurin sallah. Ki kawo Hajiya ta yi Umra ta yi wa mijinta addu'a a gaban Ka'aba, sannan ku hau ku zaga Bahar Maliya. Tsohuwa mai shekara 71 da ta fito daga takaba, me za ta yi da jirgin da ake kiɗa har asuba, mutane suna yawo da kayan wanka? Kin ma tambayi abin da za ta ci?

Maman Ilham:
Hajiya, ta je Umra sau uku, Hajji sau ɗaya. Ba yawo take nema ba, Venis Baba ya ce zai kai ta. Maganar abinci kuwa, duk tafiyoyinmu kifi da kayan lambu muke ci, kuma na rubuta musu tun ranar da na biya. Alƙibla ma akwai tashar talabijin a ɗaki da ke nuna inda jirgi ya dosa, da ita muke gane gabas. Wannan duk na saba.

Malam Baban Khalifa, maganar biza yayana ne yake kula da ita a Abuja.

Baban Khalifa:
Yana kula da ita, ko ya samu ranar ganawa? Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Ki kira shi yau.

Alhaji Na-Teku:
Hajiya Jidda, da girmamawa, ba abin da aka tambaya ba ke nan. Maman Ilham, kin ce tana tafiya da kanta. Tafiyar tsakar gida daban, tsallakawa daga jirgi zuwa ƙaramin jirgin da igiyar ruwa take ɗagawa tana saukewa daban. Wasu kamfanonin Ingila har gwaji suke yi, su shimfiɗa tabarma mai zane, sai mutum ya tsallake tazarar santimita 45 shi kaɗai kafin su bar shi ya hau. Na ga dattijuwar da aka mayar daga bakin ƙofa tana kuka.

Sannan kuɗin da kika gani ba shi ne kuɗin ba. Babban jirgi yana da arha a ƙofa ne, a ciki yake fanshewa. Akwai tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, sai dai in naku ya haɗa da shi. Girka ta fara karɓar yuro 20 a kan kowane fasinja a Santorini da Mykonos a tsakiyar bazara tun 2025, ku biyar sau biyu, yuro 200 ke nan. Ga motar Ravenna, ga jirgin sama zuwa Bologna ko Venis, ga intanet. Ki haɗa su duka a takarda, za ki ga ratar da ke tsakanin babba da ƙarami ta ragu.

Haka harkar ta koma ko'ina. Jirage suna ta ƙara girma, Icon of the Seas da ya fito a 2024 tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, garuruwa kuma suna ta rufe ƙofa. Basalona ta rufe tashar da ke kusa da tsakiyar gari a 2023. Palma ta Sifaniya ta taƙaita jirage uku a rana. A ce miki Roma, a sauke ki a Civitavecchia, kilomita kusan 80. Ni yanzu kafin in duba farashi, sunan tashar nake fara dubawa.

Zainabu Manchester:
Alhaji ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni kaɗai nake tafiya tun da aurena ya mutu, kuma kullum sai an caje ni kusan kuɗin mutum biyu saboda ɗakin na mutum biyu ne. Bara na ɗauki ɗakin ciki mara taga don in rage, kwana bakwai ban san asuba ta yi ba sai da ƙararrawar waya. Wace irin shaƙatawa ce wannan. Masu iyali ku gode wa Allah.

Ummu Sultan:
Ni a ganina kada ki soke, ƙanwata. Ku sauka a Venis kwana biyu kafin jirgi, ku kama masauki kusa da tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia, ku hau jirgin haya na ruwa mai lamba 1, yana bin babban mashigin tun daga farko har San Marco. Hajiya tana zaune za ta ga hoton kalandarta da idonta. Daga baya ku wuce Ravenna. Ranar Santorini kuma ta zauna a barandarta ta kalli fararen gidajen daga ruwa, ba dole sai ta sauka ba. In kuma tana so, yawon da jirgi yake shiryawa galibi ta tashar Athinios yake bi, inda bas take jira, babu hawan dutse.

Alhaji Na-Teku:
Venis mai gada sama da 400, kusan kowacce da matakala, a watan Yuli, da akwatunan mutum biyar? Kuma masauki a can lokacin bazara ba wasa ba ne. In har za a yi haka, to jirgin ruwan na mene ne? A soke shi, a kai ta Venis ta sama a watan Oktoba kwana uku, a huta. Na faɗa tun farko.

Maman Ilham:
Alhaji, Oktoba yara suna makaranta, ni kuma hutuna na asibiti tun Janairu aka raba shi, ba a sauya min. Kuma na riga na nuna wa Hajiya hoton jirgin, har ta sa an ɗinka mata atamfofi uku. Jiya ta ce min ta yi mafarkin Baba. Da wane baki zan ce mata an fasa? Yayana ma jira yake ya ce ai ya faɗa.

Gwiwarta ta hagu takan kumbura in ta daɗe a tsaye, amma ba kullum ba. Anti Ummu Sultan, na duba masaukin, kwana biyu na mutum biyar ya kusa fam 900, maigidana kuma ya ce shi ya kai iyakarsa. Na kira yayana sau biyu bai ɗauka ba.

Baban Khalifa:
Kada ki ƙara ko kwabo sai kin ga biza a cikin fasfo.

Alhaji Na-Teku:
Biza ba za ta fito cikin sati uku ba. Gwiwa kuma ga shi kin faɗa da bakinki.

Maman Ilham:
Akwai wanda ya taɓa roƙon kamfani ya mayar masa da kafin alƙalami kan wata tafiyar, ko ya ƙara masa wa'adin biya? In akwai, don Allah me kuka ce musu? Gobe da safe nake son in kira, kafin in shiga aiki.