Neman kalmar Hausa: robar da moter ke zaune a kai, da ƙarafan da ke ɗaure ta

Malamin koyar da kanikanci, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum. Iyayena da ƴan'uwana masu garaji na nan Maraɗi, na zo neman taimako a kan kalma. Ina rubuta wa yaran da nake koyarwa darasin gyaran tsofaffin motoci da Hausa, don yawancinsu ba su yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma Faransancin littafin gyara yana yi musu nauyi. Na iso babin abin da ke riƙe moter, wato inji, a jikin mota, sai alƙalami ya tsaya.

Abu uku ne a wurin. Akwai ƙarfen da ke manne da jikin moter yana miƙowa gefe. Akwai robar da ke tsakanin wannan ƙarfe da shasi. Sai kuma bulon, wato dogon ƙarfe mai kai da haƙora da ake murɗawa, da ke haɗa su. A garaji duka ukun silanbulok muke kiran su, in abin ya rikice mu nuna da hannu. Darasin nawa kuwa a kan bulon ɗin yake, wato yadda ake gane ya kwance ko ya faɗi da yadda ake mayar da shi. Da na rubuta "bulon moter" sai wani yaro ya ɗauka gangar jikin moter nake nufi, don shi bulo ya sani, irin na gini. Ina son kalmomin da yaro zai karanta ya je kasuwa ya sawo abin da aka aike shi.

Mai saida kayan mota, bakin babbar kasuwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Wallahi ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Kusan kullum sai yaron garaji ya zo ya ce a ba shi silanbulok na Pejo. Wanne? Na moter, na amotisa, na resor, ko na tiriyangal? Duk robar da aka matse cikin ƙarfe a ƙarƙashin mota haka Faransawa ke kiran ta, kuma asalinta ma sunan kayan wani kamfani ne da ya bi baki ya zama na kowa. Mu kuma da ke sarin kaya a Katsina da Kano, in mun tsallaka Ɗan Isa muka shiga Jibiya sai bakin ya sake. Can "injin sit" suke cewa. Ni a ganina a fassara nasu kawai, a ce kujerar moter. Kowa zai gane.

Direba, mai bin kasuwannin ƙauye ta Madarunfa:

Alhaji, kujera dai ta fasinja ce. Ka ce wa yaro ya duba kujera, cikin mota zai buɗe. Ni na fi son turke, don aikinsa ke nan, ya hana moter tsalle. Wanda ya tuƙa Pejo 504 a hanyar jar ƙasa mai gargada ya san abin da nake faɗi. In bulon ya kwance, da ka saki ambireyaj, wato kuloci, za ka ji "kwal!" daga gaba, sandar bites, wato giya, tana rawa a hannunka, wani lokaci ma ta fita da kanta.

Tsohon makanike, Sabon Gari:

Malam, Allah shi yi maka albarka da wanga aiki. Ni tun zamanin 404 nike cikin baƙin mai, kuma abin da za ni faɗi ba daga littafi na ɗauko shi ba. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah shi jiƙan shi, gammo yake ce ma wannan roba. In ya ɗaga kapo, wato murfin gaban mota, ya ga ta tsattsage sai ya ce gammon ya mutu. Ban san ko shi ya ƙirƙiro ba ko ji ya yi, amma mu yaranshi haka munka taso muna faɗi, har Faransanci ya rinjaye mu munka bari.

Ku dubi aikin gammo. Mace ta naɗe tsumma ta ɗora bisa kai, ta ɗora tulu. Nauyin tulu yana nan bai ragu ba, amma ba ya cin kai, kuma in ta taka rami gammon ya shanye girgizar. Robar nan ita ma hakanan. Moter yana kaɗawa muddin yana aiki, in anka ɗaure shi ƙarfe bisa ƙarfe duk kaɗawar za ta bi shasi ta shiga sitiyari, ta shiga kujeru, ta kwance duk wani noti da ke jikin mota. Turke da ɗana direba ya kawo, riƙewa kaɗai ya faɗi, bai faɗi taushi ba. Shi ya sa nike ganin gammo ya fi.

Moter ɗin 404 da na 504 mai esansi, wato fetur, kwance yake, an jingine shi gefen dama digiri 45, ba tsaye yake ba. Kenan gammayen biyu na gefe ba aiki iri ɗaya suke sha ba. Wanda ke ƙarƙashin inda mai ke ɗiga shi ka fara lalacewa, don baƙin mai na kumbura roba ta yi laushi ta rabu da ƙarfenta.

Malamar makaranta, Tibiri:

Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Gammo ya kwanta mini ƙwarai, kalma ce gajera, tana da jam'inta, gammaye, kuma babu Bahaushen da zai tambayi ma'anarta daga nan har Zariya ta Nijeriya. Amma ina da ja guda ɗaya. Gammo ba a ɗaure shi, ɗora kaya kawai ake yi a kai, nauyi ne ke riƙe shi. In yaro ya tashi da wannan hoton a ransa, ba zai ɗauka cewa nauyin moter ya isa ba, ko da bulon babu?

Tsohon makanike, Sabon Gari:

Ƴata, tambayarki ita ce darasin gaba ɗaya. Akwai masu wannan tunanin, kuma ba yara kaɗai ba. Sai ka ji an ce moter mai nauyi haka ina za shi. To yana zuwa. In direba ya taka totur, moter na murɗa ƙafafun mota, shi kuma yana murɗuwa ta ɗaya gefen. Gammo guda na dannuwa, guda na ɗagawa sama. Wanda ke ɗagawa ɗin, bulon kaɗai ke riƙe da shi. Ran da ya faɗi, moter ya tashi ya koma. Na ga farfela ta ci radiyate saboda haka. Na ga bututun hayaƙi ya tsage daga wuya, na ga tiyon ruwa ya tsinke. Mafi muni, a tsohuwar mota mai igiyar totur ko sanda, in moter ya ɗaga yana iya jan totur da kanshi, mota ta ƙara gudu direba bai taka ba.

Don haka a bar gammo ga roba, a ba bulon sunanshi daban, kuma a rubuta da manyan baƙaƙe cewa wanga gammo ɗaurarre ne.

Ɗalibin jami'a, Ali Ɗan Sofo:

Ina gaida manya. Ƙarin bayani kaɗan a kan asalin abin. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da dabarar ɗora moter a kan roba ta yadda zai ɗan motsa a 1931, a motocin Plymouth, sai Citroën na Faransa ya sayi izinin dabarar a 1932, suka kira ta moter mai shawagi. Su ma da kwatance suka raɗa suna, don haka gammo bai saɓa hanya ba. A kan bulon kuma, me zai hana a ce ƙusa? Ƙusar gammo. Hausa ce tsantsa.

Mai saida kayan mota, bakin babbar kasuwa:

Ƙanena, na janye kujera, na bi Baba a kan gammo. Amma ƙusa ban yarda ba. Ƙusa da guduma ake kafa ta, kuma babbar cutar da ke kashe waɗannan motoci ita ce guduma. Yaro ya ga ramin bai daidaita ba, sai ya doki bulon ya shige, haƙoran su cinye, gobe ya kwance.

Tunda Malam darasi yake rubutawa, ga abin da nake so ya shiga ciki, don a kantina nake ganin ɓarnar. Bulon ba ɗaya ba ne. A duba kansa, akwai lamba. Na wannan wuri 8.8 ake so, ko 10.9 in shi kamfani ya sa. Wanda ba shi da lamba, ko mai 4.6, na ƙofar gida ne da gadon ƙarfe, miƙewa yake yi ya tsinke. Sannan kauri: mai milimita 8 kile, wato sifana, mai lamba 13 ke kama shi, mai 10 kile 17, mai 12 kile 19, a tsofaffin motocin Turai ke nan. Inda ake faɗawa rami shi ne bulon motocin Japan. Mai milimita 10 nasu sau da yawa kansa 14 ne, haƙoransa ƙanana, tazarar milimita 1,25, alhali wanda aka saba da shi a Turai 1,5 ne. Zai shiga zagaye biyu ya cije. In aka matsa masa da ƙarfi, ramin da ke jikin moter ya lalace, aikin ɗan lokaci ya koma na kwana biyu. Tsofaffin motocin Amurka kuwa da inci ake auna nasu, kansu layuka ne ba lamba ba.

Tsawo ma a kula. Wanda ke shiga jikin moter, raminsa yana da iyaka. In ya yi tsawo sai ya taɓo ƙasa, hannu ya ji kamar ya ɗauru, alhali ƙarfen yana lilo a ƙarƙashinsa. Mafi sauƙi, a kwance ɗan'uwansa na ɗaya gefen a zo mini da shi a hannu.

Kalma kuma, ni dai a bar bulon. Duk Maraɗi shi aka sani. Rikicin da Malam ya faɗa daga "bulon moter" ya fito. In an ce bulon gammo, wa zai kawo maka bulon siminti?

Makanike daga Katsina:

Ina biye da ku daga wannan gefen iyaka. Mu nan noti muke cewa, na miji da na mace duka, sai in ana son rarrabewa a ce bol da noti. Pejo 504 kam tamu ce mu ma, tun da aka fara haɗa Pejo a Kaduna a 1975, har yanzu akwai masu lallaɓa ta. Gammon inji zai shiga bakin mutanenmu ba wahala. Bulon ne ba za su gane ba.

Malamar makaranta, Tibiri:

Malam na Katsina, wannan ba zai raba mu ba. Ku ce makaranta mu ce lakwal, kuma muna fahimtar juna. Aron kalma ba aibi ba ne in ta zauna a baki, mota kanta aro ce. Inda Hausa ke da abin da ya fi na aro bayani, kamar gammo, a ɗauka. Inda ta aro ta riga ta kafu kuma ba ta rikita kowa, a bar ta. Shawarata a raba aiki tsakanin kalmomin biyu: bulon shi ne dogon mai kai da haƙora, noti shi ne wanda ake murɗawa a bakinsa. Kowane gefe ya ba da guda. Saura ƙarfen nan da ke fitowa daga jikin moter, har yanzu ba wanda ya taɓa shi.

Direba, mai bin kasuwannin ƙauye ta Madarunfa:

Hajiya, wannan ai ƙafa ce. Ƙafar moter, haka nake jin makanikena yana cewa. Na bar turke, gammo ya fi shi.

Malamin koyar da kanikanci, unguwar Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na ɗauka: gammon moter ga roba, ko gammon inji ga ƴan'uwanmu na Nijeriya, ƙafar moter ga ƙarfen, bulon gammo da notinsa. Silanbulok na bar shi ga sauran robobin ƙarƙashin mota har mu zauna a kansu wata rana. Na gwada kalmomin a sakin layi na farko, ku duba ko sun zauna:

"Ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyi, ka buɗe kapo. Wani ya sa bites na ɗaya ya saki ambireyaj kaɗan, kai kana tsaye a gefe, ba a gaban mota ba. In moter ya ɗaga ya faɗo da ƙara, gammo ya mutu ko bulonsa ya kwance. Ka kashe mota, ka cire kan batir. Ka sa kirik, wato jak, ƙarƙashin kartar mai, kaskon da mai ke taruwa a ƙasan moter, da katako mai faɗi a tsakani don kada ta lotse. Ka ɗaga kaɗan, daidai yadda nauyi zai sauka daga kan gammo. Ka goge ramin, ka daidaita shi, ka fara murɗa bulon da yatsu. In ya ƙi shiga da yatsu, ka tsaya ka duba haƙora. Kada ka sa yatsa tsakanin ƙafar moter da gammo."

Baba, in akwai gyara ina saurare.

Tsohon makanike, Sabon Gari:

Ya zauna, Malam, na karanta ma yaran garajina sun gane ba tare da na ƙara komi ba. Ka ƙara abu uku. Kada a ɗaure gefe guda tamau kafin ɗayan ya shiga. A sa duka bulon ɗin sako-sako, a sauke kirik moter ya zauna bisa gammayenshi, sannan a ɗaure, da kile mai awo in akwai, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. A sa rondel mai tsaga sabuwa, wato zoben ƙarfe da ake sawa ƙarƙashin noti, ko noti mai roba a baki, wanda in an kwance shi sau ɗaya ba a maida shi. Kuma in gammo guda ya mutu a sake su duka biyun, don sabo da tsoho tsawonsu ba ɗaya ba ne, moter zai karkace. Mai mota ya dawo bayan ƴan kwanaki a sake bin su da kile.