Muhawara: Shin rawar kan Bryce Harper ta taɓa damun 'yan kallo?

Malam Sani: Ra'ayina shi ne halin matashin ɗan wasa ba ya gaban 'yan kallo, domin bugu ne ya kai su fili. Hujjata Bryce Harper ne, ɗan wasan besbol na Amurka. Yana da shekara 16 mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta a 2009, ya bar sakandare da wuri don ya samu shiga zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma a 2010 ƙungiyar Washington Nationals ta ɗauke shi a matsayin na farko, a kan kwantiragin dala miliyan 9.9. Tun lokacin ake cewa yaron yana ji da kansa. Amma da ya buga ƙwallo 42 suka tsallake shinge a 2015, aka zaɓe shi gwarzon National League, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na babbar gasar besbol ta Amurka, ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba, mutanen Washington ba su tsaya binciken tarbiyyarsa ba.

Hajiya Rabi: Malam Sani, ka tsallake shekarun da ake gardamar a kansu. A watan Yunin 2011 yana wasa a Hagerstown, wani ƙaramin gari a jihar Maryland, a rukunin ƙananan ƙungiyoyin da ba kasafai ake kula da su ba, ya buga ƙwallo ta fita, sai ya aika wa mai jifa, wato abokin hamayyar da ya jefo masa ƙwallon, sumba ta iska yana kan hanyar kammala zagaye. Washegari labarin ya cika Amurka. Da hali bai dami kowa ba, me zai kai abin da yaro ɗan shekara 18 ya yi a irin wannan fili gidajen talabijin na ƙasa? Ranar da ya fara babban rukuni kuwa, 28 ga Afrilun 2012 a Los Angeles, ihu aka yi masa tun bai yi wa kowa komai ba. Sunan da ya yi ne ya riga shi isa.

Aminu: Ina tare da Hajiya cewa halin yana da tasiri, sai dai ni a ganina riba ce. Ku dubi Mike Trout na Los Angeles Angels, wanda ya ci kyautar sabon ɗan wasa a 2012 kamar Harper, ya kuma zama gwarzo sau uku, a 2014 da 2016 da 2019. Masana da yawa sun fifita shi a kan Harper, amma mutum ne mai kawaici, har shugaban hukumar wasan, Rob Manfred, ya nuna a 2018 cewa rashin tallata kansa ne ya rage masa shahara. Ko a dambe, wanda ya shigo fili da kirari ya fi jan taro.

Malam Sani: Aminu ƙanena, shahara daban, ƙyama daban. Ku lura da waɗanda abin ya ɓata wa rai da gaske. A watan Mayun 2012 Cole Hamels, mai jifa na Philadelphia Phillies, ya jefi Harper da ƙwallo a gadon baya, ya fito ya ce da gangan ya yi, aka dakatar da shi wasa biyar. A Satumban 2015 Jonathan Papelbon, abokin wasansa a ƙungiya ɗaya, ya shaƙe shi a wurin zaman 'yan wasa. Waɗannan manyan gida ne masu tsare al'adar da ba a rubuta ba, wadda ta ce sabon shiga ya sunkuyar da kai. Rigimar ta 'yan wasa ce da 'yan jarida, aka jingina wa 'yan kallo.

Alhaji Bala: Duk kun haɗa 'yan kallo a kwando ɗaya, nan ne kuskuren. Mutanen Philadelphia sun shekara bakwai suna yi wa Harper ihu duk lokacin da ya zo garinsu. A 2019 ya sa hannu da Phillies na shekara 13 a kan dala miliyan 330, sai ga su suna rububin sayen rigarsa mai lamba 3. Da ya koma Washington a Afrilun shekarar, waɗanda suka yi ta kare shi a da su ne suka yi masa ihu, shi kuma ya buga ƙwallo ta fita, ya wurga sandarsa sama don ya ƙara musu haushi. Halin nan bai sauya ba ko kaɗan, riga ce ta sauya. Rawar kai a wurin ɗan gida jarumta ce, a wurin baƙo kuma rashin kunya. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na fi ganin laifinsa a ranakun da ya ci ƙungiyar da nake goyon baya.

Hajiya Rabi: Alhaji, na karɓi rabin maganarka, amma ko ɗan gida yana da abin da yake aunawa ban da maki. A Yunin 2012 a Toronto, wani ɗan jarida ya tambaye shi ko zai sha giya don murna, tunda a can ɗan shekara 19 yana da izini. Harper mabiyin cocin Mormon ne, ba ya sha, sai ya ce masa wannan tambayar wawa ce. Amsar ba ta da ladabi, amma mutane suka so ta, aka buga ta a riguna, har Sanata Harry Reid na jihar Nevada ya maimaita ta a gaban 'yan jarida. Babu ƙwallon da aka buga a cikin wannan labari, Malam Sani. To me suka saya a rigar?

Malam Sani: Sun sayi rigar yaron da ya buga ƙwallo ta tsallake shinge a daren da aka yi masa tambayar, Hajiya. Da ya shafe wata yana bugun iska, da wuya a sami mai buga maganarsa a riga.