Jiri na kama ni duk lokacin da na fito daga ruwan zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar waɗanda suka saba da wannan abu.

Wata biyu ke nan ina haɗa jiƙa jiki a ruwan zafi da na sanyi a gida, saboda tsamin jiki bayan motsa jiki. Bahon zafin ina saita shi a digiri 39 in zauna minti 15, sannan in shiga na sanyin, mai digiri 12, in yi minti 2. Barcina ya gyaru sosai, shi ya sa ba na so in bari.

Matsalar ita ce jiri. Da na miƙe daga ruwan zafin sai idona ya rufe. Shekaranjiya sai da na dafa bango, gwiwoyina na rawa. Na san zafi yana buɗe jijiyoyin jini, don haka na koma tashi a hankali, ina shan ruwa tukuna, na rage zaman zuwa minti 10. Ya ragu, amma bai tafi ba.

Shin in fara da na sanyin ne? Minti nawa kuke hutawa tsakanin biyun? Ina kuma shan maganin hawan jini, ko shi ne sila? Na dakata da shiga ruwan har in ga likitana mako mai zuwa.