Me ya hana a yawaita manne irin na ƙafar tsaka?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina jin cewa masana sun gano abin da ke sa tsaka ta hau gilashi, har ta rataya a rufin ɗaki ba ta faɗo ba, kuma an ce sun fara kwaikwayonsa. Idan haka ne, me ya sa har yanzu ba a ganin irin wannan manne a hannun jama'a, kuma wane amfani zai yi wa mutum-mutumi masu laushin jiki?

Malamin Fizik:
Wa alaikumus salam. Da farko dai babu ƙaro ko wani ruwa mai danƙo a ƙafar tsaka. Abin da ke tafin ƙafarta wasu siraran gashi ne masu ɗimbin yawa, kowanne ya rarrabu gida ɗaruruwa, kuma faɗin kan kowane reshe kusan nanomita 200 ne, wato kashi 200 cikin biliyan na mita ɗaya. Saboda wannan ƙanƙanta, rassan suna kwanciya lif a jikin bango har ƙwayoyin zarrarsu su kusanci na bangon, sai wani ƙarfin jan juna mai rauni da ake kira van der Waals ya fara aiki, wanda idan ya taru daga miliyoyin wurare yakan ɗauki nauyin dabbar cikin sauƙi. Kellar Autumn da abokan aikinsa a Amurka ne suka auna ƙarfin gashi guda a 2000, suka kuma kawo hujjar wannan bayani a 2002. Abin da ya fi burge ni shi ne sakin: da ta sauya karkatar gashin, sai ƙafar ta ɗago ba tare da wahala ba.

Injiniya:
Malam ya yi bayanin da ya dace, amma gano sirri daban, ƙerawa daban. A 2003 Andre Geim na Jami'ar Mancesta, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel saboda aikinsa kan girafin (wata shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya), ya ƙera ɗan tef mai gashin roba, ya kuwa kama, sai dai bayan an manna an ɓamɓare 'yan lokuta ƙarfinsa ya ragu. Gashin da aka ƙera yakan lanƙwashe ko ya cure wuri guda, ƙura kuma tana kashe shi, alhali ƙafar tsaka tana kakkaɓe dattinta yayin tafiya. Babbar matsalar a ganina ita ce rabon nauyi, domin idan aka faɗaɗa mannen, gefe ɗaya ne ke ɗaukar kaya, daga nan ɓamɓaruwa ta fara. Wannan ne Elliot Hawkes ya magance a Jami'ar Stanford a 2014, inda ya yanka mannen ƙanana-ƙanana ya haɗa su da sifirin da ke raba nauyi daidai, har mutum mai kilo 70 ya hau bangon gilashi da su.

'Yar Dakin Gwaji:
Ina neman afuwar mai tambaya, amma ba daidai ba ne a ce babu shi kwata-kwata, domin kamfanin OnRobot na Denmak yana sayar da hannun na'ura mai irin wannan manne ga masana'antu. Amfaninsa ga mutum-mutumi mai laushi kuwa a fili yake. Yatsun silikon da ake hura wa iska suna naɗe abu ba su fasa shi ba, sai dai riƙonsu ba shi da ƙarfi, to idan aka shimfiɗa musu wannan manne sai su riƙe ba tare da matsewa ba. An kuma gwada shi a tashar sararin samaniya ta duniya, kasancewar a can waje babu iskar da faifan zuƙa, wato robar da ke kama abu ta hanyar zuƙe iska, zai dogara da ita.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. Ashe ke nan a kan abu mai santsi da tsafta ya fi aiki. Shin yana kama bango mai kaushi ko jiƙaƙƙe?

Injiniya:
Ƙarfinsa yana raguwa sosai a duka biyun, shi ya sa masu ƙera na'urorin hawa bango mai kaushi suka koma ga ƙananan ƙugiyoyi irin na ƙafar ƙwaro.